Rubuta Abin da Idonka Ya Gani: Nasiha ga Ɗaliban Kemistiri

Ƙannena ɗaliban kimiyya na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da 'yan'uwanku na Darmanawa da Daurawa da Hotoro da Unguwa Uku, maganata da ku yau a kan darasi guda ce cikin darussan kemistiri, wato binciken sinadari don a gano ko mene ne shi. Duk wanda ya kai ajin ƙarshe na sakandare ya san yadda abin yake. Ranar firaktikal na WAEC ko NECO za a ajiye maka ɗan gari a cikin 'yar kwalba, an liƙa masa harafi guda, babu suna, a ce ka gwada shi ka faɗi abin da ya ƙunsa. Da yawanku kun ɗauki wannan darasi wurin tara maki kawai, abin da za a haddace daren jarrabawa a manta da shi washegari. Ni kuwa a ganina babu darasin da ya kai shi kusanci da rayuwar mutanen garin nan.

Ku tambayi iyayenku abin da ya faru a watan Maris na 2021. Ana cikin zafin bazara, azumi na ƙaratowa, sai asibitocin Kano suka fara karɓar mutane masu amai da jiri da fitsarin jini. Da aka bi diddigi, sai aka tarar abin da ya haɗa su shi ne lemon gari da ake damawa a sha, wanda masu sayarwa kan ƙara wa ɗan tsami. Gwamnatin jiha ta ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti, wasu har ƙodarsu ta taɓu. Bayan gwaje-gwaje, hukumar NAFDAC ta sanar cewa wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami sam ba shi ba ne, wani sinadari ne mai guba da ake kira haidiroksilamin, wanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Ɗan tsami na gaskiya shi ne sitirik asid, tsamin nan da Allah Ya sa a cikin lemon tsami. Shi fari ne, wancan ma fari ne. Wanda ya dama ya sayar da wanda ya saya ya sha, dukansu da suna suka yi aiki, suna kuwa baki ne ke faɗarsa. Sai da garin ya shiga ɗakin gwaje-gwaje sannan aka san ainihinsa, a lokacin kuwa an riga an yi jana'iza.

Ku zaga kasuwar Tarauni ku ƙirga fararen abubuwan da ake aunawa a ƙulla a leda: gishiri, sukari, ɗan tsami, sodar fulawa, sinadarin ɗanɗano, da wasu da ba na ci ba ma. Ido ba ya raba su, harshe kuwa yana iya kai mutum lahira kafin ya gama tantancewa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Darasin da kuke yi a lab shi ne hanyar da ɗan Adam ya gano ta raba wane da mai kama da shi, ba tare da ya sa ransa a haɗari ba.

Nasihata ta farko, kuma ita ce uwar sauran: rubuta abin da idonka ya gani, ba abin da aka ce maka za ka gani ba. Kun san jadawalin nan mai gida uku da ake zanawa a takardar amsa. Gidan farko na gwajin da ka yi, na biyu na abin da ka gani, na uku na hukuncin da ka yanke. Ba banza aka jera su haka ba. Aiki ne a gaba, gani ya biyo baya, hukunci ya zo ƙarshe. Amma me ke faruwa idan jarrabawa ta matso? Sai jita-jita ta cika unguwa, a wayoyi da bakin makaranta, wai bana gishirin zink za a kawo, wai ƙarfe ne. Sai yaro ya haddace jadawali sukutum, ya shiga lab ya cika gida na uku tun bai taɓa kwalba ba, sannan ya koma ya ƙirƙiro gida na biyu don ya dace da shi. Wani ma ruwan da ke gabansa kore ne, amma ya rubuta fari, saboda fari aka ba shi.

Ko ta fuskar maki wannan asara ce, domin masu duba takarda ba sa ba da makin hukuncin da ba shi da madogara a gidan gani. Amma asarar da ta fi damuna ba ta maki ba ce. Yaron da ya saba rubuta abin da bai gani ba yana koya wa hannunsa shaidar zur ne, kuma hali zanen dutse. Yau a kan kwalbar jarrabawa ya yi, gobe yana sanye da farar riga, jinin mahaifiyar wani ne a gabansa. Idan ka zuba sinadari ba ka ga komai ba, ka rubuta cewa babu wani canji. Wannan ma amsa ce, kuma sau da yawa ita ce ke kore abubuwa biyu ko uku daga zargi. Idan abin da ka gani ya saɓa wa na maƙwabcinka, ka wanke kwalba ka sake gwadawa. In ya sake fitowa haka, ka tsaya a kan naka.

Nasiha ta biyu: alama ɗaya ba ta isa hukunci. Bari mu tsaya tare a gaban tebur mu bi aikin daki-daki. An ba ka farin gari. Ka ɗebi kaɗan ka zuba a kwalbar gwaji, ka ƙara tsarkakken ruwan lab, ka girgiza. Ya narke, ruwan ya fito garau babu launi. Tun daga nan ka samu labari: da gishirin jan ƙarfe ne da ka ga shuɗi, da na baƙin ƙarfe ne da ka ga kore-kore ko ruwan ƙasa. Sai ka raba ruwan kashi-kashi. A kashi na farko ka ɗiga NaOH, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ka ɗaga kwalbar saitin taga. Ga wani farin guggubi mai kauri-kauri ya taso yana yawo a ciki, shi ne wanda kuke taƙaitawa da ppt. Kada ka yi saurin ajiyewa. Ci gaba da zubawa har ya yi yawa, kana girgizawa. Sai ka ga guggubin yana raguwa, yana raguwa, har ruwan ya koma garau kamar ba a yi ba.

A nan ne mai gaggawa ke faɗuwa. Da ganin haka sai ya rubuta zink, alhali abubuwa uku ne ke yin wannan hali: zink, alminiyam da dalma. Abin da kake da ikon rubutawa a wannan mataki shi ne ana zargin ɗaya daga cikin ukun. Sai ka ɗauki kashi na biyu ka ɗiga ruwan amoniya. Farin guggubi zai sake fitowa. Ka ƙara har ya yi yawa. Idan ya narke, to zink ne, domin alminiyam da dalma ba sa narkewa a amoniya. Idan ya ƙi narkewa, saura biyu. Ka ɗiga KI a wani kashin: in rawaya mai haske ta fito, dalma ce, in ba ta fito ba, alminiyam ne. Haka ma ɗaya ɓangaren gishirin. Ka ɗiga BaCl2 ka ga farin guggubi, kada ka ce salfet tukuna, domin salfait da kabonet su ma haka suke yi. Sai ka bi shi da HCl mai ruwa-ruwa. Wanda ya tsaya bai narke ba shi ne salfet.

Ku da kuke wucewa ta gaban kotunan Gyaɗi-Gyaɗi kun san alƙali ba ya yanke hukunci don mai ƙara ya rantse, ko don fuskar wanda ake ƙara ta yi kama da ta mai laifi. Yana kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya, yana sallamar wanda hujja ta wanke, har gaskiya ta tsaya a kan mutum guda. Aikinka ke nan a gaban kwalba. Kowane sinadarin da ka ɗiga shaida ne ka kira, kuma ba ka da ikon rufe shari'a sai shaidu sun cika.

Haka abin yake wajen iska. Ganin kumfa na tashi bai isa ka ce CO2 ba ce, sai ka bi da ita ta cikin ruwan laim ka ga ya koma fari-fari. Iskar da ta mayar da jiƙaƙƙiyar takardar litmos daga ja zuwa shuɗi, ga wari mai hawa kai, ita ce amoniya. Wadda ta sake kunna tsinken da ya rage garwashi ita ce oksijin. Kowace tana da shaidarta, kuma sai ka kawo shaidar kafin ka kira sunan.

Nasiha ta uku ta shafi ɗaya tambayar, ta taitireshan. Binciken sinadari tambaya biyu yake amsawa: mene ne, sannan nawa ne. Ta biyun ce kake koya lokacin da ka auna ruwa da fifet, ka ɗiga metil orenj, ka riƙa sakin asid daga biret a hankali har ɗigo guda ya juya launi daga rawaya zuwa ruwan lemo. Ana so ka maimaita har ka samu karatu masu kusanci da juna, ka rubuta su da lamba biyu bayan ɗigo. Jarabar da ke nan ita ce gyaran lamba. Yaro ya yi sau ɗaya, ya gaji, sai ya ƙirƙiro sauran biyun daga kansa, ko ya leƙa na malam ya matso da nasa kusa. Kada ku yi. Ku daidaita idonku da ƙasan lanƙwasar ruwan, ku karanta, ku rubuta abin da biret ta nuna ko da bai yi muku daɗi ba.

Ku dubi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kan titin Zariya, wanda da yawanku kuke wucewa ta ƙofarsa kullum. Likita na iya duba mara lafiya ya yi zato, amma ba ya sanin yawan sukari ko fotasiyam ko kiriyatinin da ke cikin jini sai takarda ta dawo daga lab. A kan lambar da ke jikin takardar nan ake yanke shawarar yawan maganin da za a bayar, da ko za a ɗora mutum a kan injin wankin ƙoda. Injinan da ake aiki da su a can sun fi biret ɗinku nesa ba kusa ba, amma amanar ɗaya ce, kuma ba a ranar ɗaukar aiki ake koyonta ba.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa wa'azi. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yara ƙanana suka riƙa mutuwa da jijjiga da amai. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, bai yi aiki ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jini aka kai gwaji, sannan aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana niƙawa cike suke da ita, ƙurar ta bi tsakar gida, yara suna wasa a ciki suna kai hannu baki. Sama da yara 400 suka rasu. Dalmar nan ita ce dai wadda ke ba ku rawaya idan kun ɗiga KI. Kuma ba sai an je wurin haƙar zinariya ake haɗuwa da ita ba. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya. Da aka gwada kwallin da ake sa masa a ido, sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ba kowane kwalli ne haka ba, amma wanda aka niƙa daga baƙin dutsen nan mai ƙyalli, asalinsa dutsen dalma ne. Ke ƙanwata da kika san wannan, kina da abin da za ki gaya wa Umma da yayyenki mata cikin ladabi kafin a rambaɗa wa jariri.

Na san abin da wasunku za su ce: makarantarmu ba ta da kayan aiki, sai jarrabawa ta zo muke ganin biret. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma haƙƙi ne a wuyan manya. Jihar nan ta taɓa nuna ta san darajar abin, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma kafin manya su sauke nasu nauyin, nasihata ta huɗu ita ce kada ku zauna jira. Madafin gidanku ma wurin koyo ne.

Ka nemi izinin Umma, ka tafasa zoɓo zalla, ba sukari ba kayan ƙamshi, ka tace ka bar shi ya huce. Ka zuba a kofunan gilashi uku. Na farko ka bar shi yadda yake, shi ne ma'auninka. A na biyu ka matsa lemon tsami, za ka ga jan ya ƙara haske ya yi jawur. A na uku ka ɗiga ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa kaɗan-kaɗan, za ka ga ya yi duhu, ya bar ja, ya karkata zuwa kore. Abin da litmos ke yi a lab ke nan, zoɓo ya yi maka shi a gida. Sannan ka daka 'yar kanwa ka matsa mata lemon tsami, ka kasa kunne: za ka ji tana shuu, kumfa na tashi, domin kanwa kabonet ce. Ka ɗiga aidin a kan koko ko dafaffiyar shinkafa, za ka ga shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi, alamar sitaci. Ka ɗiga a ruwan sukari, ba za ka ga wannan launi ba. Kowanne ka yi, ka zana jadawali mai gida uku a littafinka ka cika shi da hannunka. Wanda ya yi haka sau da yawa, ranar jarrabawa hannunsa ba ya rawa.

Kada kuma ku ɗauka wannan ilimi baƙo ne a gare mu. Kakarku da ke jefa kanwa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, da marinan Ƙofar Mata da ke haɗa baba da toka, duk aiki suke da halayen sinadarai, sai dai ku an ba ku damar sanin dalili. Abubakar ar-Razi, likitan nan na Rayyu da Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, ya kasa sinadarai gida-gida, na ƙasa da na tsiro da na dabba, ya kuma bayyana kayan aikin da ake gwada su da su. Shi kuwa Robert Bunsen na ƙasar Jamus, wanda murhun lab ɗinku ke ɗauke da sunansa, shi da abokin aikinsa Gustav Kirchhoff sun gano sababbin sinadarai biyu, siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861, ta hanyar nazarin hasken da abu ke bayarwa a cikin harshen wuta. Tushen aikinsu shi ne gwajin da kuke yi: sodiyam ya ba da rawaya, fotasiyam ya ba da shunayya mara duhu, kalsiyam ya ba da ja-ja. Ba su ga abin da wasu ba su gani ba sai don sun tsaya sun duba da kyau, sun kuma yarda da abin da suka gani.

Nasiha ta biyar gajeriya ce, amma kada ku raina ta: ku tsare lafiyarku. Ba a ɗanɗana komai a lab, ko da an rubuta gishiri a jikinsa. Ba a kafa hanci a bakin kwalba, da tafin hannu ake kaɗo iskar. Ba a zuƙar fifet da baki. Idan za a tsarma asid mai ƙarfi, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Idan kana ɗumama kwalba, kada ka saita bakinta wajen kanka ko wajen ɗan'uwanka. A gida kuma kada ku taɓa haɗa ruwan bilic da asid ɗin wanke banɗaki, iskar kulorin ce ke tashi, tana iya shaƙe mutum a rufaffen ɗaki. Kada kuma a zuba kananzir ko maganin ƙwari ko ruwan batir a robar lemo, domin ƙaramin yaro da roba yake aiki.

Garin nan yana buƙatar masu wannan ilimi fiye da yadda kuke zato. Ruwan da ke fitowa daga matatar Tamburawa sai an gwada shi. Dagwalon da majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ke fitarwa sai an san abin da ke cikinsa kafin ya kai ga rafi da lambunan da muke cin ganyensu. Magani da abinci da takin zamani da ke shiga kasuwanninmu kullum suna jiran wanda zai tantance na gaskiya da jabu. Waɗanda za su riƙe waɗannan wurare nan da shekaru kaɗan suna cikinku, maza da mata. Ko wanda zai ƙare a kasuwa ko a gona, wannan darasi zai koya masa ya tambayi inda kaya suka fito, ya duba lambar rajista da ranar ƙarewar wa'adi, ya ƙi sayar wa jama'a abin da bai san ko mene ne ba.

Saboda haka idan kun koma makaranta, ku je wurin malaminku cikin girmamawa ku ce, Malam, don Allah a ba mu dama mu gwada da hannunmu tun kafin jarrabawa ta zo. Wanda ya samu dama ya riƙe kwalbar da kansa, kada ya tsaya a bayan wasu yana leƙe. Wanda aka kawo wa amsa a waya ya goge ta, ya shiga lab da idonsa da alƙalaminsa. Ku yi aiki da tsabta, ku duba da natsuwa, ku rubuta gaskiya, ku jinkirta hukunci har hujja ta cika. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku zama masu amana a duk inda aka danƙa muku lafiyar jama'a, Ya kuma ba ku sa'ar jarrabawa. Amin.